Yadda Muka Ja Asibitin Ido Zuwa Bayan Dirin Daji

Ku da kuke zama a kan bencin nan kuna cewa aikin riwaya ba wani abu ba ne, jar waya ta tafi ga ja, baƙa ta tafi ga baƙa, ku ɗan saurara mini. Na haura shekara talatin ina gyaran wutar mota a garin nan na Zuru, kuma har yau ba na taɓa kan batir sai na cire agogona na yi bisimilla.

Aikin farko da aka ba ni shi ne riƙe fitilar gwaji. Maigidana Baba Dudu, Badakkare ne, tsohon soja, a bariki ya koyi wutar manyan motoci. Fitilar ba komai ba ce illa ƙwan mota ɗaya da waya biyu, amma shekara guda cur bai bar ni na riƙe wani abu ba sai ita. Ya ce in daina neman inda wuta ke shiga kawai, in riƙa neman inda take komawa jikin mota, don rabin motocin da ake turo mana a nan ciwonsu yake. A shekara ta biyu ya ba ni filaya da sukuddireba. A ta uku ya bar ni na hura gawayi na gasa ƙarfen liƙi, na narka dalma a kan waya. Mita kuwa sai da na buɗe rumfata na saya, ga ta can har yanzu, allurarta ta ɗan karkace.

Cajin batir ne ya jawo mini mummunar shekarata, a farkon shekarun dubu biyu. Na jera batir shida a kan caja, na manta ban kwance murafunsu ba, sannan na zo na cire waya ɗaya caja na aiki. Tartsatsi ya tashi, batir ya fashe, rumfar ta kama. Motar wani ɗan kasuwar Mahuta tana ciki, ta ƙone har taya. Ba wanda ya mutu, amma labari ya zaga tasha cewa Sani Riwaya yana ƙona motoci. Aka daina kawo mini aiki. Na koma gindin mangwaron nan da tebur da ƙaramin janareta, ina yi wa mutane cajin wayar salula, wadda a lokacin ta fara shigowa gari. Mutumin da ya naɗa altaneta, mai yi wa batirin mota caji, da hannunsa, ga shi yana liƙa wa wayoyi lamba don kada su cakuɗe.

A ƙarshen wannan shekarar, bayan an gama yankan dawa, aka kawo wata tirela tasha. Wata babbar a-kori-kura ce ta jawo ta, duk tasha ta miƙe tsaye. Fara ce sol, doguwa kamar ɗaki uku a jere, da tagogi da ƙofa da matattakala. Gabanta ya ɗaga sama ya hau kan bayan motar kamar wuyan raƙumi. Wata mace ta fito daga gaban motar, gajera, da tabarau, ta ce ita ce Dakta Ladi, likitar ido, 'yar garin Manga ce nan kusa, amma a kudu ta yi karatu. Wata ƙungiya ce a ƙasar waje ta aiko mata da tirelar da motar, tsofaffi, don ta riƙa bin ƙauyuka tana cire wa tsofaffi yanar ido.

Ta ce, "Malam Sani, masu gyara uku na kai wa. Biyu sun leƙa sun ce ba su iyawa. Na ukun ya jona mata janareta, hayaƙi ya fito."

Na ce, "Dakta, an gaya miki abin da ake faɗi a kaina?"

"An gaya mini. An kuma ce kai kaɗai ne a garin nan kake bin waya har ƙarshenta. Shiga ka gani."

Na cire takalmina na shiga. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, ban kuma sake gani ba. Wanda ya ƙera ta gida ya ƙera, na masu yawon buɗe ido, daga baya aka cire gadon kwana aka sa gadon aiki. Akwai famfo da ke kawo ruwa daga tanki a ƙarƙashin daɓe, akwai firji, akwai fanka a rufi. A kan gadon an kafa na'urar da likita ke leƙa ido da ita, mai ƙwan fitila ƙarami kamar ƙwayar gyaɗa. Duk wannan a kan taya huɗu. Na tsaya ina tunanin mutumin da ya zauna ya lissafa kowace waya a cikin bangon nan, ya san inda za ta bi ba ta goga ƙarfe ba ko da an yi shekara ana girgiza ta a hanya.

Kwana tara na yi ina bin wayoyin. Abin da na gano shi ne wuta iri biyu ke zaune a cikinta, kowace da hanyarta. Akwai ta batir, bolt goma sha biyu, irin wadda na sani, ita ke ɗauke da fitilu da famfo da fanka. Akwai kuma ta soket, irin ta gida, amma ta ƙasarsu ɗari da goma ce, tamu kuwa ɗari biyu da ashirin. Tsakanin biyun akwai wani akwati da ke karɓar ta gida ya mayar da ita ta batir, ya yi caji. Shi ne mai gyaran nan na uku ya ɗura wa wutarmu ya ƙone. Na kwance shi, na warware ƙonanniyar wayar tagullar ina ƙirga zagaye, ina zana layi a ƙasa duk hamsin, sannan na naɗa sabuwa daidai da adadin.

Sauran kayan a wajen Oga Emeka na samu, mai shagon kayan mota a bakin kasuwa, wanda ya fi shekara ashirin a Zuru. Na ce masa ina neman taransifoma mai rage wuta rabi, babba. Ya dafe kai ya ce, "Sani, wannan abu babu shi ko Kontagora. Amma idan na asibitin ido ne, mamana ma ido ya kashe ta a gida. Ba ni kwana biyar." Ya aika wa ɗan'uwansa a kudu, a kwana na shida aka sauke ta daga motar kaya. Na ɗaure ta tsakanin janareta da tirela, na sa manyan baturan gingimari biyu a madadin nasu da suka mutu. Fitilar na'urar leƙa ido kuwa, da na ga ita ma goma sha biyu take ci, sai na zare ta daga layin soket na kai ta kan batir kai tsaye, da fis nata ita kaɗai. Dakta ta tambaye ni dalili. Na ce janareta yana iya mutuwa ba sallama, batir kuwa sai ya yi gargaɗi.

Maganar ja kuma, wannan fannin Malam Bawa ne, direban da ta ɗauka. Dattijo ne, ya yi shekaru yana jan tirelar shanu zuwa kudu kafin gwiwa ta dame shi. Shi ya nuna mini faifan ƙarfen da aka kafa a tsakiyar bayan a-kori-kurar, daidai saman tayoyin baya, irin na manyan tireloli amma ƙarami. A ƙarƙashin wuyan tirelar akwai wani gajeren ƙarfe mai kaurin taɓarya. Mota za ta ja da baya, ƙarfen ya shige bakin faifan, muƙamuƙi biyu su rufe a kansa. Malam Bawa ba ya yarda da ƙarar rufewar. Sai ya sunkuya ya leƙa da idonsa, ya sa sakata, sannan ya ja motar kaɗan ƙafafun tirelar na ƙasa, ya ji ta riƙe. Ya ce mini nauyin wuyan nan dole ya zauna a kan tayoyin baya, idan aka loda kaya a wutsiya wuyan ya yi sauƙi, tirela za ta fara kaɗa mota a hanya. Da hannunsa ya kwashe katan-katan na ruwan magani daga baya ya dawo da su gaba.

Ranar da na zo kan igiyar da ke haɗa mota da tirela ce muka yi saɓani da Dakta. Igiyar tana da baki bakwai. Na bi su ɗaya-ɗaya da fitilar gwaji: na sigina, na fitilar baya, fara mai komawa jiki, baƙa mai kai caji daga injin mota zuwa baturan tirela, wadda na tarar fis nata ya ƙone na canza. Sai wata shuɗiya da na samu an yanke an naɗe da tef. Na bi ta a ƙarƙashin tirelar ina jan ciki, ta kai ni har cikin tayoyi. Na ce a raina, me wuta take nema a cikin taya? Birkin da na sani na mai ne ko na iska.

Muka ɗaga taya ɗaya da jak, muka cire duram, wato murfin birki. A ciki na ga wani dunƙulen ƙarfe kamar sabulun wanka, da waya biyu. Na kawo batir na taɓa masa, sai sukuddireban da ke hannuna ya fizge ya manne a jikinsa. Maganaɗisu ne. Muka mayar da duram, Malam Bawa ya juya tayar da ƙarfinsa tana gudu, na taɓa waya. Tayar ta tsaya cak, kamar an kama ta da hannu. Na sake, ta saki. Mun yi haka ya fi sau goma, dattijo da ni. Wuta da ba a gani, ta bi ta siririyar waya, ta tsayar da abin da ya fi motar da ke jansa nauyi. A ƙarƙashin sitiyari kuma muka gano ɗan akwatin da ke aika wutar idan an taka birki, da wani ɗan maɓalli da direba zai matsa da yatsa ya kama birkin tirela kaɗai.

Wato tun daga tashar jirgin ruwa har Zuru, ba birki aka jawo ta. Biyu daga cikin maganaɗisun huɗu kuma sun mutu.

Dakta ta ce, "Jibi za mu tashi. Na aika wa mai gari, an tara mutane. Wasu daga nesa za a jawo su da sanda."

Na ce, "Ba za ta tashi jibi ba."

"Ta zo daga Legas a haka, Malam Sani."

"A kan kwalta ta zo, kuma ba kaya. Yanzu akwai ruwa cike da tanki, ga batura, ga gangaren da ke bayan garin Dirin Daji."

Ta juya wajen direba. Malam Bawa ya ce, "Dakta, in kin ce in ja, ga makulli, ki nemi wani. Ni na ga abin da tirela ke yi wa mota a gangare."

Ta cire tabarau ta goge. Sannan ta ce kwana nawa nake so. Na ce huɗu. Ta hau babur da kanta ta je ta ba mutanen haƙuri, ta dawo fuskarta ba walwala, don wani tsoho da aka kawo daga nesa ya ce ba zai iya jira ba an mayar da shi. Ni kuma na zauna na warware maganaɗisun nan biyu na sake naɗa su da waya siririya kamar gashin wutsiyar doki.

Mun tashi da hantsi ranar Talata, ni a kujerar baya da akwatin kayana. Bayan Dirin Daji kwalta ta ƙare. Wajen azahar muka iso gangaren, doguwar hanya mai tsakuwa da ke sauka zuwa wani rafi, da kwana a tsakiya. Malam Bawa ya sa giya ta ɗaya tun daga sama. Muna karya kwanar sai ga garken shanu sun cika hanya suna hawowa daga ruwa, da wata Bafulatana a tsakiyarsu da ƙwarya a ka da goyo a baya. Ya taka birki. Na ji tayoyin motar sun fara zamewa a kan tsakuwa, bayanta yana neman juyawa. Bai ƙara takawa ba. Ya miƙa yatsa ya matsa maɓallin nan a hankali. Sai na ji an ja mu ta baya, kamar wani ƙato ya kama wutsiyar motar ya dafe ƙafa. Tirelar ta miƙe, motar ta miƙe, muka tsaya. Tsakaninmu da saniyar farko bai fi taku uku ba. Matar ta dube mu, ta kora shanunta ta wuce, ba ta san komai ba. Dakta ta ɗora hannu a kan allon motar ta daɗe ba ta ɗauke ba. Malam Bawa ya ce, "Alhamdu lillahi," ya saki maɓallin.

A ƙauyen, a filin makarantar firamare muka kafa ta. Muka sauke ƙafafunta, muka sa duwatsu a tayoyi, muka daidaita ta da kwanon ruwa a kan daɓe har ruwan ya kwanta daidai, sannan Malam Bawa ya zare motar ya kai ta inuwa. Tsofaffi sun fi arba'in zaune a ƙarƙashin ɗorawa, kowa da mai jagoransa. Aikina shi ne in zauna kusa da janareta da mita a hannu.

A rana ta biyu, da la'asar, janareta ya yi tari sau biyu ya mutu. Man da muka saya a hanya an gauraya shi da kananzir. Na ja igiya har hannuna ya gaji, bai tashi ba. A lokacin wata tsohuwa ce a kan gado, Inna Kande, wadda ɗanta ya kawo a kan jaki, shekara bakwai ba ta gani. Fitilar na'urar ba ta mutu ba, tunda a kan batir take. Amma da na ɗora mita sai na ga allura ta sauka ƙasa da inda nake zato. Ashe tun safe janareta ba ya ba da cikakkiyar wuta, firji da fanka suna ta shan baturan.

Muryar Dakta ta fito ta taga, a natse. "Malam Sani, hasken yana ja. Na riga na buɗe idon. Minti nawa gare ni?"

"Nawa kike bukata?"

"Ashirin."

Na san ba za su kai ba. Na zare fis na firji da na fanka da na famfo, allurar ta ɗan ɗaga, ta sake fara sauka. Sai na tuna da baƙar wayar nan ta cikin igiya mai baki bakwai. Na kira Malam Bawa na ce ya kawo mota ya tayar, mu ba tirela wuta daga injinta. Matsalar ita ce igiyar gajera ce, dole bayan motar ya shigo har ƙarƙashin wuyan tirelar. Idan kuwa ya taɓa ta ko kaɗan, ɗakin zai motsa, ga wuƙa a cikin idon mutum.

Ya dubi wurin, ya ce, "Tsaya inda zan gan ka a madubi. Kada ka yi magana, hannu kawai."

Na tsaya na ɗaga hannu. Ya taho da baya a hankali, har ina jin tsakuwa na fashewa ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin taya. Mutanen da ke ƙarƙashin ɗorawa, masu gani a cikinsu, suka zuba mana ido. Faifan ya matso kusa da ƙarfen wuyan, saura kamu ɗaya, saura tafin hannu. Na dunƙule hannu, ya tsaya. Yatsu huɗu ne suka rage tsakanin ƙarfe da ƙarfe, na auna daga baya. Na ja igiyar ta kai da ƙyar, na cusa ta. Ya ɗan taka totur. Allurar mita ta tashi tana hawa, ta wuce sha biyu, ta wuce sha uku.

Ta taga na ji Dakta ta ce, "Yawwa. Ku riƙe shi haka."

Malam Bawa ya riƙe ƙafarsa a wuri ɗaya, da gwiwar nan tasa mai ciwo, har aka gama. Ni kuma ina riƙe da bakin igiyar don kada ya zame, yana zafi a hannuna.

Da aka fito da tsohuwar, Dakta ta kira ni ciki. Akwai wani dattijo da ta kwantar don ta duba shi kawai. Ta ce in sa idona a na'urar. Na leƙa. Na ga idon mutum ya cika duniya, da jijiyoyi ja sirara fiye da kowace waya da na taɓa naɗawa, kowace da inda ta fito da inda za ta, ba wadda ta hau kan wata. A tsakiya ga yanar, fara kamar ƙullin koko. Ni da na yi kwana tara ina jinjina wa wanda ya shirya wayoyin tirela, sai na ɗago kaina daga na'urar. Na ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah." Dakta, wadda Kirista ce, ta ce, "Amin. Kullum na leƙa haka nake cewa."

Washegari da safe aka jera waɗanda aka yi wa aiki a kan benci don cire bandeji. Muna tsaye a gefe ni da Malam Bawa. Da aka zo kan Inna Kande, Dakta ta ɗaye audugar a hankali ta goge mata ido. Tsohuwar ta ƙifta, ta ƙifta, ta ɗaga hannunta ta dube shi gaba da baya. Ɗanta ya durƙusa a gabanta, magidanci ne babba. Ta kama fuskarsa ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Wane ne wanga tsoho?"

Ya ce, "Ni ne, Inna. Ɗanjuma ne."

"Ɗanjuma, yaushe ka yi furfura ba ka gaya mini ba?"

Ya kifa kansa a gwiwarta, kafaɗunsa na rawa. Ita kuwa ta ci gaba da kallon duniya, ta dubi ɗorawa, ta dubi jakinsu, ta dubi farar tirelar ta ce ashe a cikin wannan aka sa ta. Sannan idonta ya sauka a kaina. Ta tambayi Dakta ko ni wane ne. Dakta ta ce, "Inna, wannan shi ne ya riƙe mana wuta jiya har na gama."

Ta yafito ni, na je na durƙusa. Ta dube ni tun daga hula har ƙafa da sabon idonta, ta sa mini albarka mai tsawo, ta haɗa da iyayena da wanda ya koya mini aiki. Da ta gama sai ta kama bakin rigata da yatsa biyu, inda ruwan batir ya huda ta, baƙin mai ya rufe sauran.

Ta ce, "Amma ɗana, rigar ga ta yi dauɗa. Tuɓe ka ba ni. Shekara bakwai ban yi wanki na ga abin da nake wankewa ba."

Dakta ta ce ba za ta sunkuya a kan ruwa ba sai bayan mako biyu. Tsohuwar ta ce to za ta jira. Na tuɓe rigar na ba ta, na ƙarasa aikin ƙauyen da singileti. Bayan wata ɗaya Ɗanjuma ya zo kasuwar Zuru ya neme ni a gindin mangwaron nan, ya miƙo mini ita a naɗe cikin ganyen ayaba. An wanke ta fes, kuma kowace huda, har waɗanda ba su fi ƙwayar gero ba, an bi ta da allura an ɗinke.